Lamba ta Biyu

Ni da na haƙa rijiya arba'in da ɗaya
daga Auyo har ƙauyukan bakin fadama,
na shaƙi iskar ramin da fitila ke mutuwa a ciki,
yau ni jikata Ladidi ke ce wa
huhuna ya tsufa.

Na ce, ke 'yar nan, riga-kafi na 'yan goye ne,
na bakin da bai san ɗacin goro ba.
Wa ya taɓa kai furfura layin allura
ba tari, ba kwanciya?

Ba ta yi musu ba.
Ta dai dubi tabarmar da ke jingine a zaure,
ta Barau.

Shekara talatin yana sama, ina ƙasa,
igiyata a hannunsa.
Bara, ana cikin yankan gero,
zazzaɓi ya kayar da shi, haƙarƙari ya ɗau suka,
numfashi kamar zugazugin da ya huje.
Muka shafa man zafi, muka dafa citta.
Ran na shida likita ya ce nimoniya,
ya ce da kun zo tun shekaranjiya.

Tiya huɗu na riɗinta ta sayar,
muka hau motar Haɗejiya.

Malamar asibiti, Hansatu, ba ta yi min zaƙin baki ba.
Ta ce, Baba, ba ta tare ajali,
ba ta korar kowane tari.
Ƙwayar cuta ce take nuna wa jini
don ya shaida fuskarta in ta yi sallama.
Ta ce tsoho da jinjiri, katangarsu duk gajeruwa ce.

Na yi shiru.
Ai ni na sani, ba a ɗaure rijiya bayan ta rufta.

Na naɗe hannun riga, sai ga tsohuwar lamba,
ta zamanin agana,
ranar da Inna ta ɓoye ni a rumbu
mai unguwa ya jawo ni ta ƙafa, duk ƙaiƙayi.
Hansatu ta yi dariya, ta soka ƙasa da ita kaɗan.

Kwana biyu dantse na tsami.
Na uku na shimfiɗa tabarmar Barau, na zauna,
na ja numfashi har ƙasan ciki.

Ladidi ta wuce da tulu, ta ce, yaya hannu?
Na ce, riƙe igiyar dai da kyau,
da saurana a ramin.