Lissafin Kaka a Gidan Shayi

Da kaka ta kama, sama ta wanke ido,
sai su ɓullo daga kwazazzabo ɗaya bayan ɗaya,
riguna ja da shuɗi, sanda bibbiyu a hannu.
Ni Yangzom ina bakin murhu, ina ƙirgawa:
baƙi goma sha ɗaya, jagora a gaba,
'yan dako bakwai can a baya.

Na huɗu a cikinsu ɗana ne, Karsang.
Tafiyarsa nake ganewa kafin fuskarsa,
tun shekarar da ƙanƙara ta cinye masa yatsu biyu.
Igiya a goshi, kwando a gadon baya,
jakunkunan mutum uku, tukunyar gas,
da kujerar naɗewa,
don kada baƙo ya zauna a kan dutse,
alhali dutsen ya zo gani.

Ubansa fataucin gishiri ya yi.
Ya ƙetare wuyan tsaunin nan da shanu masu gashi
ya fi sau arba'in,
bai taɓa ɗaga ƙafa zuwa ƙololuwa ba.
Ba a taka inda masu tsaron ƙasa ke kwana.
Yau an sa mata farashi a ofisoshin Kathmandu,
kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ban ce ban ci ba.
Kwanon da ke kaina kuɗin shayi ne.
Fitilar sola, gadar ƙarfe a kan kogi,
ajin da jikata Lhamo ke koyon lissafi,
duk a sawun takalmansu suka iso.
Wanda ya sha romo ba ya zagin tukunya.

Amma dankali ba ya jiran kowa.
Watan tono shi ne watan baƙi,
maza duk suna hanya,
mu tsofaffi muke durƙuso a kunya
har sanyi ya riga mu rabin gona.
Ƙwai ɗaya ya kai kuɗin kaza a dā,
ina soya wa baƙo, Lhamo tana kallo.
Kurmin da muke ɗebo turaren safiya
ya ƙare a ruwan wankan mutane.
Bayan gida kuwa gorunan roba sun yi tudu,
tsauni ƙarami da ba mai ɗaukar hotonsa.

Ni dai an ɗauke ni, ba adadi.
Wai tamojin fuskata yana da kyau.

Bara wata baƙuwa, numfashi ya ƙi ta da tsakar dare,
leɓɓanta suka koma launin toka.
Hazo ya hana jirgi sauka.
Karsang ya zubar da kaya, ya sa ta a kwando,
ya gangara da ita awa shida cikin duhu
da tocila a baki.
Ta rayu. Ta yi kuka a wuyansa.
Bayan wata huɗu saƙo ya zo:
hoto, da takalma masu kyau ƙwarai,
sun yi masa yawa.
Yana cusa tsumma a gaba, inda yatsun suke a dā.

Ban ƙi su ba, ku ji ni da kyau.
Na ga wani dattijo ya tsaya a ƙofata da asuba,
rana ta taɓa kan tsauni,
hawaye ya daskare masa a gemu.
Na juya na duba abin da yake kallo.
Shekara sittin ina kwana a gindinsa,
na manta yana nan.

Yanzu dusar ƙanƙara ta rufe hanya.
Ɗakuna takwas, ba kowa.
Karsang ya sauka birni neman aikin gini,
ya ce in bazara ta yi kyau zai sayi fili can.
Na ƙirga kuɗin, na sake ƙirgawa,
na ɗaure su a tsohon buhun gishirin ubansa.
Lhamo tana wasa a tsakar gida,
ta goya kwandon dankali da igiya a goshi,
tana gaishe da akuya da Turanci.