Littafin Awo

Shagona yana bayan Daffo, a Sabon Gari,
keke ɗaya, benci ɗaya, rediyo a kan taga.
Ni ke ɗinka wa kurata suna a ƙirji,
baƙi bayan baƙi a kan kaki,
ban taɓa kuskuren harafi ba.

Shekarar da aka kwashe su zuwa ƙetare
na yi ɗinki har idona ya yi ja.
Kuɗi ya shigo, Allah na gani:
na sa wa ɗakin Inna kwano,
na saya wa Ladidi atamfa biyu.
Aka ce kafin rake ya nuna a fadamar Galma sun dawo.
An sha rake sau tara,
ba su dawo ba.

Tanimu ƙanena yana cikinsu.
Kafaɗa sha takwas, ƙugu talatin da biyu,
tsawon wando arba'in da ɗaya.
Yana nan a littafin awo, shafi na bakwai,
kusa da ɗigon man ƙosan da ya ci a tsaye.
Ya ce in ajiye masa shaddar angonci.
Asu ya fara cin gefenta,
ban yanka ba.

Jiya rediyo ya kawo lissafi.
Wani mai murya kamar an shafa mata mai
ya faɗi abin da yaƙin ya cinye,
sifilinsa ya fi maɓallan da ke gwangwanina.
Na ajiye almakashi na gwada:
yadi nawa ke nan?
A shimfiɗa shi daga Kwangila, ya bi ta Ƙofar Doka,
ya naɗe ganuwa, ya yi wa Kufena rawani,
kowane ɗan firamare ya samu riga da wando,
kaina ya ɗau zafi,
yadin bai ƙare ba.

Bashi aka ci, in ji su.
Mu muke biya, a mudun masara, a kwalbar kananzir,
a barandar asibitin Shika
inda Inna ta kwana uku tana jiran gado,
ta cika tana tambaya ko wasiƙa ta zo.
Can bindiga ke tashi,
nan tukunya ke jin ƙarar.
Wanda ya sa hannu a takardar
bai taɓa kwana a barandar nan ba.

Jatau ya dawo bara.
Ya shigo da sanda biyu, ya zauna a bencin nan,
ya ce, "Maigida, rage mini wando."
Na durƙusa da igiyar awo
na rasa inda zan ɗora ta.
Na naɗe ƙafar hagu, na kama da allura.
Ya ce nawa, na ce bar shi.
Ya yi dariya: "Rabin aiki, rabin kuɗi."
Duk ƙarshen wata yana hawa motar Kaduna
da fayil a hammata,
a ce masa sunansa bai fito ba,
sunan da na ɗinka da hannuna.
Na tambaye shi Tanimu.
Ya dubi rediyo, ya dubi ƙasa,
ya ce garin akwai ruwan sama, itatuwa dogaye.
Bai ƙara ba.

Matar Barau tana suyar awara a bakin tasha.
'Yarta Kande, da aka bari a ciki, tana aji uku,
in an ce ina Baba, sai ta nuna bango.
Wannan a wane shafi suka sa shi?
Mai rediyo bai faɗa ba.

Yau da asuba sabbi suka wuce a guje,
kawuna a aske, suna waƙa.
Ɗaya ya leƙo, gemu bai fito masa ba,
ya faɗi sunansa, ya ce kafin Juma'a.
Na buɗe littafi, na lashi zare,
na kai shi kafar allura sau uku,
bai shiga ba.