Saukar Tsani

Ranar da muka baro Wurno
idon Muntari kamar zuma ta harbe shi,
takalmi ya ƙi shiga ƙafa.
A asibitin Sakkwato suka ce ƙoda ce ke yoyo.
Likita ta rubuta firednisolon,
'yan farare, ƙwayar wake ta fi su girma.

"Da safe, bayan ya sha kunu.
Kada ki ƙara, kada ki yanke don ya ji sauƙi.
Wanga magani tsani ne,
ba a dirowa daga samansa."

Kwana goma, kumburi ya saɓe.
Sai wani baƙo ya sauka:
kumatu kamar wata ɗan sha huɗu,
yunwar da malmala biyu ba ta kashewa,
tsakar dare idonsa biyu, yana ƙirga azara.

Inno ta leƙo ta katanga:
"Ɗanki ya yi kyau! In ya rage ki sam mini,
in yi jiki kafin Salla."
Na ce, Inno, wagga ba ƙiba ba ce.
Na ƙulle maganin a bakin zane.

Yanzu saukowa muke.
Huɗu sun koma uku, uku biyu,
likita ke ƙirga matakan, ba ni ba.
Ƙarambau ya shigo unguwa, na hana shi fita,
ya yi kuka har la'asar.

Jiya ya sa takalminsa da kansa,
ya bi babansa fadamar albasa.
Rabi aka ce yau.
Na raba ƙwayar da reza a kan faifai.