Bene na Talatin da Ɗaya

Kwana huɗu ke nan ina goge tabarau
a rumfa ta sha bakwai, baje kolin Busan.
Gumin goshin wani, hodar wata,
tsumma ɗaya, feshi biyu, na gaba ya matso.

Gidan da muke talla ko tubalinsa ba a aza ba.
Rami ne a bakin teku, kewaye da katangar kwano.
Amma in na ɗaura maka tabaran nan
kana bene na talatin da ɗaya:
labule na motsi, shayi na tururi a tebur,
jiragen ruwa can ƙasa kamar ƙwayar shinkafa.
Ni ce a bayanka riƙe da fanka.
Iskar tekun daga hannuna take.

Madam Pyo ta ce, ba ɗaki muke sayarwa ba,
numfashin nan ne da mutum ke ja
in ƙofar baranda ta buɗe.
Minti huɗu. Da ya saki baki, miƙa masa takarda.
Allonta na zana inda ido ya sauka,
ja inda ya daɗe, shuɗi inda ya wuce.
Kowa teku yake kallo. Teku ya yi jawur a allon.

Ana dab da tashi wani tsoho ya zo,
jikarsa na jan hannun rigarsa.
Bang Dok-su, ya rubuta, da yatsu masu kanta.
Ya cire takalmi kafin ya shiga gidan da babu,
ya jera su a bakin kafet.
Dariya ta taso mini, sai ta maƙale.

Bai kalli teku ba.
Ya taka baranda, ya laluba ƙarfen da ba ya nan,
ya sunkuya.
Ƙasa yake kallo, tsakanin ƙafafunsa,
inda masu zane suka shimfiɗa ciyawa
da mutane marasa fuska suna yawo da kare.

Minti huɗu ya cika. Ban taɓa shi ba.
Layi ya miƙe, Madam Pyo ta nuna mini agogo.

“Nan,” ya ce, ba da ni yake ba,
“nan matata ke shanya kifi. Igiya bakwai.
Famfon unguwa yana wajen itacen can.
Itacen ma ƙarya ne, irinsa ba ya jure gishiri.”
Can kuma: “’Yata, gyara fankar nan.
Iskar wurin daga hagu take zuwa,
kuma da ƙarni.”

Na koma hagunsa.
Ƙarni kam ba ni da shi.

Minti sha ɗaya. Ya cire da kansa,
shatin roba kwance a fuskarsa.
Ya rusuna mini, ya rusuna wa tabaran,
ya karɓi jakar kyauta: biro, laima, hoton bene.
Jikar ta ce, ka ga teku?
Ya ce, shekara saba’in ina ganinsa.

Da dare rahoto ya fito.
Baƙo na ɗari biyu da shida:
ya fi kowa daɗewa, sha’awa mai ƙarfi,
lambu yake so. A kira shi ran Litinin.

Ni aka ba lambar.
Tana aljihuna, ta yi laushi don naɗi.
Ban san farashin da zan faɗa masa ba.
Wataƙila in tambaye shi wane irin kifi ne,
kuma kwana nawa yake yi a igiya
kafin ya bushe.