Shafi na Sittin da Uku

A Yelwan Yawuri na fara son littafi,
ba daga farkonsa ba, daga tsakiya.
Gwaggo Ige mai suya a bakin tashar kwalekwale
takan sayi tsofaffin littattafai ɗauri-ɗauri,
ba bango, ba sunan mai su,
don ƙunshe ƙarfasa da tarwaɗa.
Ni ce mai yagowa.

"Yi sauri, Hajo, kifi na hucewa!"
Ni kuwa ina can ƙungurmin daji
da wani maharbi da karensa ya ɓace.
Na bi shi har gindin wata ƙirya,
ya ji haushi daga nesa, ya tsaya cak,
sai shafin ya ƙare.
Wani direban Kwantagora ya tafi da sauran,
da barbaɗen yaji a kai.

Haka na san rabin duniya:
zuciyar mutum a zane, da kibiyoyi ja da shuɗi,
maiƙo ya cinye sunan ɗaki ɗaya;
ƙasar da rana ke ƙin faɗuwa wata guda;
yadda ake rubuta wasiƙar neman aiki,
har na haddace gaisuwar, ban san wa zan aika wa ba.

Makarantarmu na da kabad mai gilashi.
Makullinsa ya bi Malam Ɗantani Zuru da aka yi masa canji.
Shekara uku muna karanta ƙeyar littattafai ta madubi.
Ran da aka ɓalle kwaɗon,
gara ta riga mu saukewa.

Da na tasa, sai shagon Shekarau mai gyaran rediyo.
Ƙarƙashin tebur yake ajiye su, naira biyu kwana ɗaya.
Na soyayya ne, masu laushi kamar tsumma don shan hannu.
Nakan saka ɗaya cikin littafin lissafi,
fitilar ƙwai na lumshe ido, sauro na kiɗa,
Baba ya leƙo ya ce Allah ya yi albarka.
Kunyar albarkar nan ban gama biya ba.
A gefen wani shafi wata ta rubuta da jan biro:
"Ƙarya yake miki."
Ban taɓa ganinta ba. Ita ce ƙawata ta farko.

Shekarar da Kwara ya shigo mana har tsakar gida,
na shanya guda huɗu a kan rufi, kusa da kuɓewa.
Suka bushe suka kumbura kamar gurasa,
wasu shafukan suka manne, suka ƙi rabuwa har abada,
da abin da suka ɓoye.

Amma ba wannan nake son faɗa ba.
Gwaggo ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba.
In dare ya yi, tana ƙirga kuɗi a bakin zane,
sai ta ce, "To, me takardarki ta ce yau?"
In faɗa har inda ta tsaya.
"Sai kuma yaya?"
Sai in ƙaro daga kaina.
Na ce karen ya dawo da kansa, yana kaɗa bindi.
Ta ce, "A'a. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa kiwon kare ba.
Sake."
Na sake. Sau huɗu ina sakewa
kafin ta kashe fitila.

Yanzu ina da kanta cike, kowanne da bangonsa,
da farkonsa, da ƙarshensa, ba ɗigon mai.
Bara na je tashar. A leda ake ƙunshi.
Wata yarinya ce zaune a kan kujerar Gwaggo,
ta tambaye ni na nawa.
Na daɗe ina kallon hannunta
kafin na ce na ɗari biyar.