Zanen Ƙusa a Jikin Kofi

Giram ɗari da ashirin, in ji takardar asibiti,
dakakkiyar gyaɗa, a dama a kunu, kowace safiya.
Ma'aikaciyar ta ja layi biyu a ƙarƙashin lambar,
ta ce, "Kada ka rage, tsohuwar nan ta zube."
Na ninke takarda na soka cikin hula,
na tayar da babur zuwa Yelwa,
ina lissafin abin da ban san kamanninsa ba.

A gidanmu babu sikeli.
Akwai kwanon sha, akwai ludayin duma mai tsaga,
akwai gwangwanin madara da ya ga jiya ya ga yau,
da kofin silba wanda bakinsa ya lotsa
tun ranar da akuya ta taka shi.
Wanne ne a cikinsu ya ji Faransanci?

Na nufi Hamajoda a babbar kasuwar Garwa,
mai auna sukari da ƙusa a kan sikeli guda.
Ya goge farantin da bakin riga.
Muka zuba tsaba har allura ta tsaya,
muka juye a kofi, ta kwanta can ƙasa da wuya.
Muka auna dakakkiya, nauyin bai canja ba,
sai ga ta ta kumbura, ta taso kusa da baki
tana hura hanci.
Na danna da babban yatsa, ta nutse, ta yi laƙwas.
Ya ce, "Wadda aka markaɗa har ta yi mai,
ita kam da kyar ta kai rabi."
Na ce, "To, wacce ce gaskiya?"
Ya ce, "Duka.
Nauyi magana ɗaya gare shi, kofi ne mai baki biyu.
Zuba a sake, kada ka danna, kada ka girgiza."
Ya zaro ƙusa daga buhu, ya ja zane a ciki.
Na miƙa sefa ɗari,
ya ce in saya wa mai jiki lemo.

Inna Tabawa na kan tabarma, bayanta a bango.
Shekara arba'in tana murza ƙuli a bakin gadar Binuwai,
direbobin da ke hawa Njamena
ba sa wucewa sai sun ƙulla nata a leda.
Ta dubi zanen, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
"Ni za a koya wa gyaɗa?
Wannan ai tafi uku ne, ɗan nan.
Matso min da akushi."

Ta ɗebo ɗaya.
Ta ɗebo biyu, gari na zuba ta tsakanin yatsu.
Ta ɗebo uku.
Zanen na can sama yana kallonmu.

Kaza ta gifta tsakar gida.
Inna ta juya hannunta ciki da bai
kamar kayan da aka ba ta ajiya.
Awarwaron da a da sai da sabulu yake fita
ya zame ya tafi har gwiwar hannu.
Ta ce, "Kofin nan naka ya cika zurfi."
Na ce, "Haka ne, Inna, kofin ne."
Ta ƙara na huɗu, da ɗan tsunkule,
ta kakkaɓe tafi a zani, ta ce in jiƙa tsamiya.

Tun daga ranar, ni ke daka, ni ke tankaɗe,
amma awon na bar mata.
Ina tsugune da kofi, idona a kan zane,
bakina rufe, ina ƙirge a zuci.
Mako biyu muna huɗu.
Kunu ya yi kauri, wata rana ya yi gudaji,
ta sha tana mita cewa na ƙona gindin tukunya.

Jiya, bayan sallar asuba,
uku da rabi suka taɓa zanen ƙusa.
Ita ba ta ce komai ba.
Ni ma ban kai labari asibiti ba,
takardarsu ba ta da gurbin rubuta wannan.
Na dai ƙara wa kunun sukari,
ta kurɓa, ta ce ya yi zaƙi da yawa,
ta miƙo kwanon a ƙara.