Jiragen Saman Kanta

A Agege nake, bayan layin dogo,
ɗaki ɗaya, rufin kwano mai yoyo.
In damina ta kankama sai in jera bokitai,
in kwashe jiragena zuwa saman kanta,
don ruwan Ikko ba ya sallama.

Shekara talatin ina ɗaure noti a barikin sojan sama.
Ban taɓa tuƙi ba.
Ni ne mai duba taya, mai shinshina mai,
mai kara kunne a jikin inji
kamar ungozoma a cikin mai naƙuda.
Sai na ɗaga babban yatsa suke tashi.
Wasu sun sauko da yunwa suna neman shayi.
Wasu kuwa, har yau yatsan nan yana sama.

Yanzu hannu na rawa, ido ya yi yana.
Gwangwanin madara wurin Sallau mai shayi nake karɓa,
waya daga laimar da iska ta karya a Oshodi,
katako daga akwatin kifi.
Fiffike ɗaya kan cinye mini mako biyu,
ina gogawa, ina aunawa da tsinken ashana,
danƙo yana bushewa a farcena.

Wannan mai ruwan ganye na Jatau ne,
dogon yaron Kagoro mai wushirya.
Ba ya hawa sai ya shafi hancin jirgi,
ya ce, "Malam Tanimu, rage mini goro."
Na rage. Ya bushe a aljihun kakina
har ya koma kamar tsakuwa.
Na bar lotsawa a fiffiken hagu
domin haka nasa yake;
ba a yi wa mamaci kwalliyar ƙarya.

Na kusa da taga na Efiong ne.
Hausarsa ba ta wuce kalma uku ba:
ko da tsakar rana, "sai da safe" yake cewa,
mu yi ta dariya.
Ran nan ma ya faɗa, da azahar.

Ba na maƙala musu bom a ƙarƙashi.
An tambaye ni, na ce danƙo ya ƙare.
Gaskiyar ita ce waɗanda ke ƙasa ma suna da sunaye,
da awaki, da tukunya a kan murhu,
ni dai ban san su ba.

Wani mai babbar mota ya zo daga Lekki,
ya taya bakwai ɗin gaba ɗaya, don falonsa.
Na ba shi ruwa ya sha,
na raka shi har bakin kwata.

Amma ranar Laraba Dayo, ɗan mai gidanmu,
ya faki idona ina alwala,
ya ɗauki na Jatau ya hau bene
don ya ga ko zai tashi.
Ya tashi, in ji shi, taku uku.

Ya kawo mini shi a cikin riga, yana kuka,
fiffike daban, wutsiya daban,
uwarsa na biye da bulala.
Na ce ta mayar da ita.
Na karɓa da hannu biyu, gwiwata na rawa.
Shekara nawa ina jira a bakin filin nan
jirgi ya faɗi, a kawo mini gutsattsarinsa
a ce, "Ga shi, gyara."
Ba a taɓa kawowa ba sai yau.

Mun kwana uku a kansa, ni da yaron,
shi ke riƙe tocila, shi ke zura zare
inda idona ya kasa.
Ya tambayi wanda ke zama a ciki.
Na buɗe gwangwani, na nuna masa goron.

Da magariba manyan jirage kan sauko Ikeja
ta saman rufinmu, kwano ya ɗauki kaɗawa,
bakwai ɗin nan su motsa kaɗan a kan kanta.
Dayo yakan leƙo ta taga
ya ɗaga mini babban yatsa.